Kwalkwalin tagulla: daga fagen fama zuwa gidan gwanjo

Ranar 7 ga watan Oktoba na 2010, a gidan gwanjo na Christie's da ke Landan, aka fito da wata tsohuwar hular yaƙi ta Rumawa. Dillalan gidan sun ƙiyasta za ta yi fam dubu 200 zuwa dubu 300. Cikin ƴan mintoci ciniki ya wuce nan, ya yi ta hawa, har aka buga guduma a kan fam miliyan 2. Da aka haɗa da la'adar gidan, mai saye ya biya fam 2,281,250, wanda a canjin wancan lokaci ya haura sefa miliyar ɗaya da rabi. Ta waya ya yi tayinsa, ba a kuma bayyana sunansa ba. Malamin da ke koyarwa a ajin zana yana iya zama ya lissafa azuzuwa nawa na siminti wannan kuɗi zai tayar. Ni dai ba wannan lissafin ya kawo ni yau ba.

Wata biyar kafin ranar, hular tana kwance cikin ƙasa a wata makiyaya kusa da ƙauyen Crosby Garrett, a arewacin Ingila, inda ta shafe shekara wajen 1800. Wani mai yawo da na'urar gano ƙarfe, irin wadda muka saba gani a hannun masu neman zinariya tun da aka buɗe Jado a 2014, shi ya tono ta, a farfashe, gutsure 67.

Abin da ya sa na ɗauko labarin wata tambaya ce da ta shafi duk mai koyar da tarihi, da duk uban da ɗansa zai iya shigowa gida da wani baƙon abu da ya tsinta a gona. In aka ce tsohon abu yana da daraja, wace daraja ake nufi? Akwai wadda dillali ke yankawa, akwai wadda mai son sanin mutanen da yake nema. Mukan ɗauka abu guda ne. A tarihin hulunan yaƙi na tagulla kuwa, sau da yawa ta farkon ce ke cinye ta biyun.

Sunan abin a Hausa kwalkwali. Ba hular kwano ta ƴan kabu-kabu ba, kwalkwali na mayaƙa, irin wanda har yau ake gani a kan ƴan lifida ranar hawan salla a Damagaram. Tsohon tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. To waɗanda nake magana a kansu sun girmi na Kanajeji da shekara dubu ɗaya zuwa dubu biyu, kuma na tagulla ne, wato jan ƙarfe da aka narka aka haɗa da kuza, kamar kashi ɗaya cikin goma. Wannan haɗin shi ne sirrin daɗewarsu. Baƙin ƙarfe in ya daɗe a ƙasa mai danshi tsatsa takan cinye shi, sai a tarar da dunƙule marar siffa. Tagulla kuwa wata koriyar fata take yi a samanta, fatar ta tsare abin da ke ƙarƙashi. Korayen hulunan da ake gani a hotuna ba haka masu su suka san su ba. Ranar da suka fito daga maƙera ƙyalli suke yi kamar zinariya.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne kwalkwalin Korinti. Ko ba ku san sunansa ba kun san kamanninsa, don shi ake zanawa a littattafan tarihi duk inda aka zo maganar Girka: ya rufe kai da fuska gaba ɗaya, sai ramukan ido biyu, da wani siririn harshe da ya sauko kan hanci, da tsaga a wajen baki. Ya bayyana wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da zai burge maƙeranmu shi ne yawanci daga falle guda na tagulla ake buga shi, ba haɗi ba walda. Maƙeri zai yi ta bugu da guduma, yana mayar da shi wuta lokaci-lokaci don kada ya tsage, ya bar kauri a goshi da hanci inda sara ke sauka, ya rage a ƙeya saboda nauyi. A ciki a shimfiɗa fata ko wani abu mai taushi, a sama a kafa tukku na gashin doki. Wanda ya sa shi ba ya ji sosai, ba ya ganin gefe, sai abin da ke gabansa. Hakan ya dace da salon yaƙinsu na sahu, kafaɗa da kafaɗa, garkuwar kowa tana kare rabin jikin na kusa da shi. In ba a cikin gumurzu ba sai a tura shi baya ya zauna a ƙeya, kamar yadda ake ganin Perikles a mutum-mutuminsa. Kuma ba hukuma ke rabawa ba. A yawancin biranen Girka kowane ɗan gari shi ke sayen kayan yaƙinsa, don haka mallakar kwalkwali shaida ce mutum yana da gona da abin hannu.

Wani abin mamaki, sunan nan ta Afirka ya biyo kafin ya iso gare mu. Herodot, a ƙarni na 5 kafin miladiyya, yana ba da labarin wasu ƙabilun Libiya da ke zaune gefen wani tafki, ya ce a bikinsu na shekara sukan zaɓi budurwar da ta fi kyau, su sa mata kwalkwalin Korinti da sauran kayan yaƙin Girkawa, su zaga tafkin da ita a keken doki. Daga nan masana na baya-bayan nan suka ɗauki sunan suka liƙa wa wannan samfuri.

Tagulla tana da tsada a wancan zamani. Kwalkwalin da ya lalace ba a yar da shi, narka shi ake yi a ƙera wani abu. Saboda haka waɗanda suka kawo yau su ne waɗanda suka fita daga hannun mutane: wanda aka binne da mai shi, wanda ya nutse a kogi ko teku, da wanda aka kai wurin bauta aka sadaukar. Kowace hanya cikin ukun nan labari ce daban game da mai hular, kuma ba a jikin hular labarin yake ba, a wurin da ta kwanta yake.

Babu inda ya nuna haka kamar Olimpiya, garin da wasannin Olimfik suka samo suna. Wurin bauta ne na babban gunkinsu Zeus, kuma al'adar biranen Girka ce in sun ci yaƙi su kai wani kaso na ganima can, su kafe a jikin gungumen itace kowa ya gani. In wurin ya cika, sai masu kula da shi su kwashe tsofaffin su zuba a rijiyoyin da aka daina amfani da su, ko su cike gefen filin tsere da su. Jamusawa suka fara tono a can a 1875, bisa yarjejeniyar da ta ce abin da aka samu na Girka ne, kuma cikin shekaru aka fito da hulunan yaƙi ɗaruruwa. Da yake an rubuta a wace rijiya aka samu kowanne, a wane zurfi, tare da waɗanne fasassun tukwane, sai aka iya jera su daga tsoho zuwa sabo. Galibin abin da ake faɗa yau cewa wannan samfurin na ƙarni kaza ne, daga irin wannan aiki na haƙuri ya fito. Har dillalin da ke rubuta shekarun hular a takardar talla, da ilimin rijiyoyin Olimpiya yake cin abinci.

A gidan tarihin Olimpiya akwai wani kwalkwali da in don kyau ne ba wanda zai tsaya a gabansa. Samansa ya cinye, ya rage fuska da gefe. Amma a ɓangaren da ke rufe kunci an karce rubutu da ke cewa Miltiyades ne ya sadaukar da shi ga Zeus, kuma yawancin masana suna ganin Miltiyades ɗin nan shi ne jagoran mutanen Atina a yaƙin Maraton, inda suka kori rundunar Farisa a shekara ta 490 kafin miladiyya. Kusa da shi akwai wata hula mai tsini irin ta gabas, da rubutun da ke cewa mutanen Atina ne suka ƙwato ta daga hannun Farisawa. Ga na mai nasara, ga na wanda aka kora, a ɗaki ɗaya. Akwai kuma wanda aka tsinta a Olimpiya tun 1817, yanzu yana babban gidan tarihin Birtaniya a Landan: rubutunsa ya ce Hiyeron, mai mulkin Sirakusa a tsibirin Sisili, da mutanensa ne suka kawo shi daga ganimar da suka ci a Kume. Yaƙin Kume an yi shi a 474 kafin miladiyya. Ke nan ga hula da aka san shekararta, da wanda ya ƙwace ta, da waɗanda aka ƙwace daga hannunsu, da inda aka kai ta.

Akwai wani kwalkwalin Korinti da labarinsa ya dace a ba yara a aji. A wasannin Olimfik na Barlin a 1936, wata jaridar Girka mai suna Vradyni ta ba da shi a matsayin kyauta ga duk wanda ya ci tseren maraton. Wanda ya ci shi ne Sohn Kee-chung, ɗan Koriya, a lokacin da ƙasarsa ke ƙarƙashin mulkin mallakar Japan. Da tutar Japan ya yi gudun, da sunan da aka juya masa zuwa lafazin Japananci, kuma da ya hau dandamalin karɓar lambar zinariya sai ya sunkuyar da kai, ya kare tutar da ke ƙirjinsa da ɗan dashen itacen da aka ba shi. Wata jaridar Koriya da ta goge tutar daga hotonsa, hukuma ta rufe ta na watanni. Kwalkwalin kuwa ba a ba shi ba, wai dokar wasannin ta hana ɗan wasa karɓar kyauta mai tsada. Ya zauna a wani gidan tarihi na Barlin shekara 50. Sai a 1986 aka danƙa masa abinsa, yana tsoho. A 1987 Koriya ta Kudu ta sa shi cikin jerin dukiyar ƙasa, mai lamba 904, a 1994 kuma Sohn ya ba gidan tarihin ƙasar shi kyauta, yana ganin ba nasa ba ne shi kaɗai. Da ya so sayarwa, da ya sami mai saye a ranar.

To mu koma kasuwa. Me attajiri mai tara kayan da yake nema a kwalkwali? Fuska yake nema. Kwalkwali ba kamar takobi ko tukunya ba ne: in ka ɗora shi a kan sanda a falo, kamar mutum ne ke kallonka. Yana son ya zama cikakke, ba ɓalli, koriyar fatarsa sumul. Ƙasa kuwa ba ta cika ba da irin wannan ba. Abin da take bayarwa lanƙwasasshe ne, fasasshe, da ramin ƙusa, da laka a ciki. Tsakanin abin da ƙasa ta bayar da abin da falo ke so, sai sana'ar masu gyara ta shigo. Ana miƙe abin da ya lanƙwashe, a cike gurbi da danƙo, a shafa launi ya saje. Wani lokaci gutsattsarin huluna biyu ko uku ake haɗawa a fitar da guda. Wani lokaci ma sabuwa ce fil aka ƙera, aka jiƙa ta da sinadari ta yi kore. Sai an ɗauki hoton cikinta, irin wanda ake ɗaukar ƙashi a asibiti, kafin a gane inda tsohon ƙarfe ya tsaya da inda hannun mai gyara ya fara.

Sai kuma maganar takarda. A 1970 hukumar UNESCO ta fitar da yarjejeniyar hana fataucin kayan tarihi ta ɓarauniyar hanya, Nijar ta shiga tun 1972. Tun daga nan shekarar 1970 ta zama kamar iyaka: manyan gidajen tarihi da yawa ba sa sayen abin da ba a iya nuna ya bar ƙasarsa kafin wannan shekara ba, ko ya fita da izini. Sai takardar asali ta zama kuɗi ita ma. Malamai sun san bambancin yaron da aka yi wa takardar haihuwa ranar da aka haife shi da wanda aka je aka yi wa daga baya, aka rubuta shekarun da suka dace da jarrabawa. Haka ake yi wa kwalkwali. A kundin gwanjo sai ka ga an rubuta ya fito daga hannun wani mai tarawa na Turai tun shekarun 1960, ba suna, ba hoto, ba rasiɗi.

Misalin da ya fi nuna yadda abin ke tafiya a Sipaniya ya faru. A lardin Saragosa, kusa da ƙauyen Aranda de Moncayo, akwai kufan wani tsohon birni mai suna Aratis, na mutanen da ke zaune can kafin Rumawa su cinye ƙasar. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 wani mutumin yankin ya riƙa shiga kufan da na'urarsa yana tono, shekara da shekaru. Cikin abin da ya fitar har da kwalkwali kusan 20 na tagulla, na wajen ƙarni na 4 zuwa na 2 kafin miladiyya, samfurin da masana ba su gama sani ba a lokacin. Aka fitar da su daga ƙasar a ɓoye, aka gyara, da yawansu suka ƙare a hannun Axel Guttmann, wani attajirin Barlin da ya tara hulunan yaƙi ɗaruruwa. Ya rasu a 2001, aka shiga sayar da tarinsa kashi-kashi a Landan da Munik.

A 2008 masanan wani gidan binciken tarihi da ke Mainz, a Jamus, suka ga wasu daga cikin hulunan a kundin gwanjo, suka kai ƙara. Masu gabatar da ƙara na Munik suka tsare kayan, suka ba gwamnatin Sipaniya wa'adin wata uku ta zo ta ce nata ne. Amsa ba ta zo ba. Aka saki kayan, aka sayar. Wannan wurin ya fi komai ba ni haushi a labarin, don ba ƙasa ce marar hali ba, ba kuma marar masana ba; takarda ce ta kwana a kan teburin wani. Sai a 2013 jandarmomin Sipaniya suka kai samame, suka tarar da kayan tarihi sama da 4000 a hannun mai tonon. A 2018 kotu ta ɗaure mutum biyu, ɗaya shekara 6 ɗaya shekara 3, daga baya kotun ƙoli ta rage. A watan Disamba na 2019 Christian Levett, wani Baturen Ingila mai gidan tarihi na kansa a Mougins, kudancin Faransa, wanda ya sayi wasu a gwanjo, ya mayar da guda 7 a ofishin UNESCO da ke Paris. Suna gidan tarihin Saragosa yanzu. Yawancin sauran suna warwatse a hannun mutane.

A ce ma duka sun dawo, me ya dawo? Ƙarfe ya dawo. Masanan da suka yi nazarin hulunan sun ga alamun cewa da gangan aka murƙushe su kafin a ajiye, abin da ke nuna ba yar da su aka yi ba, wata al'ada ce aka cika. Shin ganima ce aka sadaukar kamar a Olimpiya? Shin rana ɗaya aka ajiye su ko a hankali cikin shekaru ɗari biyu? Me ke kusa da su? Amsar tana cikin ƙasar da mai tono ya watsar da shebur, kuma murƙushewar da ita ce shaida, masu gyara sun miƙe ta don kaya su yi kyau a idon mai saye. Aratis na iya zama wata ƙaramar Olimpiya ga tarihin Sipaniya. An mayar da ita kayan ado.

Na Crosby Garrett da na fara da shi ba sata ba ce, wannan ya kamata a faɗa. Mai tonon yana da izinin mai gona, ya kuma kai rahoto. Duk da haka dubi abin da ya faru. Hular irin ta mahayan Rum ce ta wasa, ba ta yaƙi ba, ta ƙarshen ƙarni na 2 ko farkon na 3 miladiyya: fuskar saurayi ce sak, an shafe ta da kuza ta yi fari kamar azurfa, da gashi nannaɗe, da hula mai lanƙwasasshen tsini, a samanta wata dabbar tatsuniya mai jikin zaki da kan gaggafa. Mahaya kan sa irinta a ranar nuna bajinta a gaban manya, kusan abin da za mu kira hawa. Me ya kai irin wannan abu wurin da binciken baya ya nuna ƙauyen manoma ne, ba barikin soja ba? Sai bayan kusan wata uku aka nuna wa masana ainihin ramin. Gidan gwanjo kuma ya sa aka harhaɗa gutsattsarin, aikin awa wajen 240, kafin a gama binciken kimiyya a kansu.

Gidan tarihi na Tullie House da ke Carlisle, babban garin yankin, ya yi gangamin neman taimako, jama'a suka ba da abin da suke iyawa, wata gidauniyar ƙasa ta yi alkawarin fam miliyan 1. Wakilinsu ya bi ciniki har fam miliyan 1.7, ya tsaya. Dokar Ingila ta 1996 tana ba gidajen tarihi damar fara sayen abin da aka tono in yana da zinariya ko azurfa aƙalla kashi 10 cikin ɗari. Kwalkwali guda na tagulla bai shiga ciki ba. Wato dokar da kanta nauyin ƙarfe mai tsada take aunawa, ba nauyin labari ba. Sai a 2023 aka gyara ta, aka ƙara cewa abin ƙarfe da ya haura shekara 200 kuma yake da muhimmanci na musamman ga tarihi shi ma ya shiga. Mai hular ya ba da aronta an nuna wa jama'a a Landan a 2012, a Carlisle a 2013. Yaran yankin suna ganinta ne in ya ga dama.

Masu tarawa suna da hujjarsu, kuma ba duka ce banza ba. Suna cewa su ke kashe kuɗi su adana abin da gidajen gwamnati ba su da wurin ajiyewa, cewa ɗakunan ajiya cike suke da kayan da ba wanda ke gani, cewa manyan gidajen tarihi na Turai ma da tarin attajirai aka fara su. Gaskiya ne. Akwai kuma hulunan da suka yi shekara ɗari ko ɗari biyu suna yawo daga hannu zuwa hannu da cikakkiyar shaida, sayensu bai cuci kowa ba. Inda na rabu da su shi ne farashi ba ya tsayawa a zauren gwanjo. Duk ranar da aka buga a jarida cewa hula ta yi miliyan biyu, washegari wani ya sayi na'ura ya nufi kufai. Mai saye yana ganin ya ceci abu guda, bai ga ramukan da kuɗinsa ya haƙa ba.

Mu a nan ba sai an ba mu labarin wannan ba. Ba mu da kwalkwalin Korinti a ƙasarmu, amma muna da Bura, a yankin Tera. An gano wurin a 1975, marigayi Boubé Gado na jami'ar Yamai ya yi tono a can a 1983, ya samu maƙabarta mai ɗaruruwan tukwanen ƙasa da aka kife, wasu da kawunan mutane a samansu, har da mahayin doki, a ƙarƙashi kuma ga ƙasusuwa da mundaye da kan kibau. Wurin ya fara tun wajen ƙarni na 3 miladiyya. Da aka nuna kayan a wani babban baje koli kan tarihin kwarin kogin Kwara da aka buɗe a Paris a 1993, sai duniya ta san Bura, dillalai ma suka san ta. Abin da ya biyo baya tono ne ba ƙaƙƙautawa, manoma a shekarun yunwa suna fasa tukwane goma don su sami kai ɗaya mai kyau, ana ba su abin da bai kai kuɗin buhun hatsi ba. A shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jan jerin abubuwan Afirka da bai kamata kowa ya saya ba. Ba na iya zagin manomin da ƴaƴansa ke kuka. Amma wanda ya aiko da kuɗin daga nesa ya san abin da yake yi. Ko a watan Yuli na 2025 mun ji yadda aka sayar da dutsen duniyar Mars mai nauyin kilo kusan 25, wanda aka tsinta a jihar Agadas a 2023, a gidan Sotheby's na New York kan dalar Amurka miliyan 5.3, sai bayan an buga guduma hukumominmu suka buɗe bincike kan yadda ya fita.

Muna da doka tun ranar 30 ga Yuni 1997 da ta hana tono a wuraren tarihi da fitar da kayansu ba da izini ba. Sai dai doka tana Yamai, kufai yana bayan gari, kuma wanda ya fi kusa da shi yaro ne mai kiwo ko mai bin iyayensa gona. In ya zo da wani koren ƙarfe ko kan tukunya, malaminsa ko uwarsa ne farkon wanda zai gani. Abin da zai fi amfani a lokacin shi ne a tambaye shi inda ya samo, a je a ga wurin, a ɗauki hoto da salula, a bar sauran yadda suke, a gaya wa mai gari don magana ta kai ga ma'aikatan al'adu. Kada a goge shi da toka ko lemun tsami don a ga ko zinariya ce. Fatar da ake kankarewa ita ta riƙe shi shekara dubu, wani lokaci kuma a cikinta rubutu yake.

Ingila tana da wata hular mahaya irin ta Crosby Garrett, ita ma mai fuska, da ake kira ta Ribchester. Yaro ne ya same ta a 1796, ɗan wani mai sassaƙa takalman katako, yana wasa a wani fili bayan gidansu. Tare take da tarin kayan doki na tagulla. Wani mai tara kayan da na yankin, Charles Townley, ya saye su gaba ɗaya, bayan rasuwarsa suka shiga babban gidan tarihin Birtaniya, inda suke har yau, kuma da yake ba a raba su ba an iya gane kayan mahayi ne da aka tattara aka ajiye. Abu ɗaya ne bai isa Landan ba. Ana ba da labari cewa a cikin tarin akwai wani ɗan mutum-mutumi mai jikin zaki da kan mutum, wanda ake zaton a saman hular yake zama. An bar wa yaran gidan suna wasa da shi, ya ɓace.